Dokar da Yaya Ta Ce Kada a Taɓa

Laraba, 6 ga wata, 8:10 na safe

Ɗari biyu da goma sha huɗu. Rukuni ɗari biyu da goma sha huɗu sun koma ja a kan allo. Na ƙirga da yatsa, ko da yake kwamfutar ta riga ta ƙirga min.

Na sayi wannan littafin a shagon ƙasa don in riƙa rubuta abin da na gwada, kada in yi ta maimaita kaina. Yaya a ka take riƙe irin waɗannan abubuwa. Ni kaina ba irin nata ba ne.

Bari in rubuta yadda aikin yake. Ofishinmu yana kula da wani kundi da asibitoci talatin da biyu suke amfani da shi. Ba jerin sunayen magunguna ba ne kawai. Dokoki ne, kusan dubu tara, kowacce layi ɗaya: magani kaza ɗan rukuni kaza ne, duk ɗan rukuni kaza ba a ba mai ciki, wannan da wancan ba a haɗa su. Akwai manhajar da take karanta dokokin duka, ta fitar da abin da suke nufi idan an tara su wuri ɗaya. Alkali muke ce mata. Idan likita ya rubuta magani a kwamfutarsa, hukuncin Alkali ne yake sa gargaɗi ya fito masa. Idan kuwa dokoki suka ci karo da juna, har ya zama babu maganin da zai iya cika sharuɗɗan wani rukuni, sai Alkali ya shafa wa rukunin ja.

Yaya ce ta gina kundin, shekara bakwai tana kansa. Shekara uku da suka wuce ta ɗauko ni daga gida, ta zaunar da ni kusa da ita, ta koya min. Jiya da safe babu ja ko ɗaya. Jiya kafin azahar na zuba sabon jerin magungunan da aka aiko mana.

Kujerarta tana nan a ɗan juye zuwa taga, yadda ta bar ta. Rigar sanyinta tana rataye a jiki.

Laraba, 6:30 na yamma

Na je asibiti wurin Yaya, ba su bar ni na shiga ba. Mutum ɗaya ake bari, kuma Umma ta riga ta zauna. Na tsaya a baranda kusa da wani benci da babu wuri a kansa, har ta fito.

"Ta buɗe ido," in ji Umma. "Ta gane ni."

"Ta yi magana?"

Umma ta kalli takalmina. "Ki je gida ki ci abinci. Dubi yadda kika koma."

Alhamis, 7 ga wata, 11:00 na safe

Oga ya kira ni ofishinsa. Ya tambayi jikin Yaya, ya yi addu'a, ya ce duk abin da muke buƙata mu faɗa. Na san da gaske yake. Sannan ya juyo da kalandarsa ta kalle ni.

Asibitoci suna kan tsohon kundi, babu abin da ya same su. Amma ranar ɗaya ga wata sababbin magunguna ɗari uku za su shiga ɗakunan maganinsu, kuma tsohon kundin bai san su ba. Maganin da kundi bai sani ba, babu gargaɗi a kansa. Likita zai rubuta, allo ya yi shiru.

"Ranar Juma'a ta ƙarshen wata nake so sabon kundi ya fita. Za ki iya?"

"Zan iya, Oga."

Dogo yana bakin ƙofa da kofin shayinsa. Shi ke kula da injinanmu, kuma duk ofishin babu wanda bai fi shi tsawo ba, shi ya sa sunan ya bi shi. Ya ce, "Ƙarya take yi, Oga. Amma za mu iya."

Juma'a, 8 ga wata, 4:45 na yamma

Abu na farko da Yaya ta koya min: kada ki bi ja ɗaya bayan ɗaya kamar mai kashe tururuwa. Mafi yawansu ba su da laifin kansu. Rukunin da ke samansu ne ya lalace, su kuma suka gada. Ki nemo waɗanda laifin ya faro daga kansu.

Na yini ina tacewa. Ɗari biyu da goma sha huɗu sun koma tara. Sauran duk 'ya'ya da jikoki ne.

Na juya in gaya mata. Har na buɗe baki.

Asabar, 9 ga wata, 7:20 na safe

Ba aiki yau, amma na farka a lokacin da na saba. Kullum ƙarfe bakwai da kwata Yaya take aiko min saƙon murya. Suna nan cikin wayata, sun fi ɗari. Na kunna na ranar Litinin.

"Ina ƙasa. Minti biyu na ba ki. Idan kika tsaya shafa man nan naki, wallahi motar haya za ki hau."

Ana jin rediyon motarta a baya. Na kunna sau shida.

Lahadi, 10 ga wata, 5:00 na yamma

Na shiga.

Sun mayar da ita ɗakin sama, gado na uku daga taga. Ta rame a kwana biyar. Hannunta na dama yana kwance a kan bargo kamar wani ne ya manta shi a wurin. Ban iya kallon bakinta ba, sai na kalli idonta, idon kuma nata ne, babu abin da ya canza. Shi ne idon da take kallona da shi idan na kawo mata aiki rabi da rabi.

Na ce, "Yaya, sannu. Ya jiki?"

Ta ce, "Ƙofa."

Na waiwaya. Umma ta ce, "Ruwa take so." Ta miƙa mata kofi da tsinken zuƙa. Umma ta riga ta koyi yaren. Ƙofa ruwa ne. Gishiri yana nufin abubuwa da yawa, sai an duba fuska.

Na zauna awa ɗaya. Na ba ta labarin cewa Dogo ya sayi sabon takalmi mai tudu. Gefen fuskarta ɗaya ya yi dariya.

Ban ce komai game da Talata ba.

Litinin, 11 ga wata, 2:15 na rana

Ga kowane ja, Alkali yana iya nuna hujjarsa: 'yan dokoki huɗu ko biyar da suka haɗu suka jawo rikicin. Sai mutum ya zauna ya duba wacce ce ƙarya a cikinsu. Alkali bai san ƙarya ba. Shi dai ya san ba za su zama gaskiya duka a lokaci ɗaya ba.

Shi ya sa muke da Anti Famasi. Shekara talatin ta yi tana ba da magani a asibiti kafin ta yi ritaya, yanzu tana zuwa Litinin da Alhamis ta duba mana. Ba ta taɓa kwamfuta. Sai an buga mata a takarda da manyan baƙaƙe.

Na farko cikin taran mai sauƙi ne. Waɗanda suka aiko jerin sun sa ruwan kuskure baki a rukunin abin da ake haɗiyewa, sun kuma sa shi a rukunin abin da ba a haɗiyewa.

Anti ta sauke gilashinta. "Wa ya rubuta wannan? Kira min shi in ba shi kwalba guda ya shanye a gabana."

Mun gyara huɗu kafin la'asar. Saura biyar. Da za ta tafi ta tsaya a bayan kujerar Yaya, ta gyara wuyan rigar sanyin, ta wuce.

Talata, 12 ga wata, 1:30 na rana

Sati ɗaya. Ban shiga kicin ɗin ofis ba yau. Dogo ya kawo min shayi har tebur.

Laraba, 13 ga wata, 3:50 na yamma

Biyar ɗin da suka rage sun ƙi. Kowace hujja na buɗe, sai in tarar da doka ta 1180 a ciki:

Kowane magani hanya ɗaya tak yake shiga jiki.

Yaya ce ta rubuta ta, shekara shida da suka wuce. A ƙarƙashinta, a wurin da muke barin bayani, ta sa: "Kada a taɓa sai an tambaye ni."

Sabon jerin yana da magunguna sittin da ɗaya da aka ce ana shan su ta baki kuma ana yin allurarsu. Doka ta ce hanya ɗaya. Jeri ya ce biyu. Wata dokar ta ce baki daban, jijiya daban. Alkali ya ce to babu irin wannan magani a duniya.

Sai an tambaye ni. Na daɗe ina kallon layin. Haka take magana, ko a gida. Tun ina aji biyu, idan malami ya doke ni, ba Umma nake kai wa ƙara ba.

Alhamis, 14 ga wata, 12:40 na rana

Dogo ya zo da dabara. Akwai wata manhaja da ke lissafa mafi ƙarancin dokokin da za a goge ja ya ɓace gaba ɗaya. Ya gwada a kan kwafi. Dokoki uku kawai, ta 1180 tana ciki. Ya goge, ya kunna Alkali, muka jira minti goma sha biyu.

Babu ja ko ɗaya.

Ba zan yi ƙarya a littafina ba: na ji daɗi. Dogo har ya fara rawa da sabon takalminsa. Oga ya fito yana tafi.

Sai na tuna jarrabawar Yaya. Tambayoyi ɗari huɗu ne da ta tara, waɗanda mun san amsarsu: idan aka ba mai ciki kaza, gargaɗi zai fito? Idan aka ninka wa tsoho adadin kaza, zai fito? Na kunna. Goma sha bakwai sun faɗi. Gargaɗi goma sha bakwai da suke fitowa a da, yanzu shiru. Uku a ciki na masu ciki ne.

Oga ya shafa ƙeyarsa. "Sha bakwai cikin ɗari huɗu. Ba za mu iya fitar da shi haka ba, mu aika wa asibitoci takarda a kan sha bakwai ɗin, daga baya mu gyara?"

Anti Famasi ba ta ɗago daga takardarta ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin likita da layin mutum tamanin a ƙofarsa yana neman wata takarda a durowa?"

Oga ya koma ofishinsa. Dogo ya mayar da dokokin uku. Ja ya dawo, kuma wallahi sai na ji kamar na fi yarda da shi.

Juma'a, 15 ga wata, 10:05 na safe

Na gwada sassautawa maimakon gogewa. Na mayar da "hanya ɗaya tak" ta zama "aƙalla hanya ɗaya." Ja ya tafi. Jarrabawa tara sun faɗi, duk na yawan adadi. Idan magani yana da hanya biyu, Alkali bai san iyakar wacce zai duba ba, sai ya ƙi duba ko ɗaya.

To ga dalilinta ke nan, ko ɗaya daga cikin dalilanta. Na mayar mata da dokarta yadda take.

Asabar, 16 ga wata, 4:30 na yamma

Umma ta ba ni jakar Yaya in kai gida. Ta ce in duba aljihun ciki. Kwalin maganin hawan jini guda biyu, ba a ko buɗe su ba. Kwanan watan da ke jikin takardar na wata biyu da suka wuce ne.

"Ita da take gaya wa duniya yadda ake shan magani," in ji Umma. Ba ta ƙarasa ba.

Na tare likita a matakala. Na tambaye shi ko ɓacin rai yana iya jawo irin wannan shanyewar ɓarin jiki. Ɓacin rai na lokaci ɗaya, idan aka gaya wa mutum magana. Ya tsaya ya dube ni sosai. Ya ce abin ya daɗe yana taruwa, da zai zo ko ranar ko wata ranar.

Ko ranar, ya ce. Bai ce ba ranar ba.

Lahadi, 17 ga wata, 6:10 na yamma

Na yi abin da bai kamata ba.

Na buga doka ta 1180 da hujjojin biyar, na tafi da su asibiti. Umma na ganin takardun ta ɓata rai.

"Aiki kika kawo mata? Nan?"

Malamar da ke koya mata magana tana wurin. Ta ce a bar ni, wani lokaci abin da mutum ya fi sani shi ke fara dawo masa.

Na ɗora takardar a cinyar Yaya. Ta daɗe tana kallo. Na ga lokacin da ta gane, idonta ya tsaya a kan layin. Ta ɗago ta kalle ni, ta buɗe baki. Amsar tana nan, ina ganinta a fuskarta.

"Gishiri," ta ce. Ta girgiza kai. "Gishiri. A'a. Gi..."

Ta sake gwadawa. Jijiyar wuyanta ta tashi. Sai ta sa hannun hagu ta ture takardun, suka watse har ƙarƙashin gadon maƙwabciyarta, ta juya fuska bango. Kafaɗarta tana motsi. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin Yaya tana kuka ba, ko ranar da Baba ya rasu ita ce ta riƙe mu.

Umma ta ce a hankali, "Tattara ki tafi."

Litinin, 18 ga wata, 5:30 na yamma

Ban je ba.

Talata, 19 ga wata, 5:30 na yamma

Ban je ba. Motar haya ta bi ta gaban asibitin, na sunkuyar da kai kamar ana iya hango ni daga bene.

Laraba, 20 ga wata, 1:00 na rana

Kowa ya fita cin abinci. Bari in rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Ranar Talatar nan, Yaya ta ce a jira mako guda ta duba jerin da kanta kafin a zuba. Oga yana ta matsawa. Ta tafi taro ƙarfe goma, ni kuma na ce bari in nuna musu. Da ta dawo ta tarar da allon ja, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wa ya ce ki taɓa?" Ni ce na ɗaga murya. Na faɗi abin da na faɗa, a gaban Dogo. Har da maganar cewa ba ita ta haife ni ba, kuma shekara uku ina zaune a inuwarta kamar 'yar aike. Ta dube ni. Ta ɗauki kofinta ta nufi kicin.

Ƙarar kofin muka fara ji.

Shi ke nan. Na rubuta.

Laraba, 6:45 na yamma

Umma ta kira. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Duk wanda ya turo ƙofa sai ta ɗago kai," ta ce. "Ni dai na gaya miki."

Alhamis, 21 ga wata, 3:20 na yamma

Na zauna da Anti Famasi tun safe a kan magungunan nan sittin da ɗaya. Na yi mata bayani sau uku. A na uku ta ce in tsaya.

"Wai ke, me kike kira magani?"

Na ce magani dai.

Ta zuge jakarta ta fito da wani katin ƙwayoyi ta ajiye a tebur. "Wannan idan na miƙa wa mutum, ta baki zai sha. Ba shi da wata hanya. Na allurar yana cikin 'yar kwalba, a firji, adadinsa daban. Sunansu ɗaya, abin da ke ciki ɗaya. Amma a hannuna abu biyu ne. Da zan ɗauke su abu ɗaya, da tuni na kashe mutane."

Na koma kan allo. A kundin Yaya, "magani" shi ne abin da ke cikin kwali, wanda ake miƙa wa mutum. A jerin da aka aiko, "magani" shi ne sinadarin da ke ciki, ko a ƙwaya yake ko a allura. Kalma ɗaya, abu biyu. Kuma akwai layi ɗaya da ya ce wa Alkali maganinsu shi ne maganinmu.

Na buɗe hujjojin biyar. Layin yana cikin kowacce, a ƙasa, yana zaune. Kwana tara ina buɗe su. Na zargi masu jerin, na zargi dokar Yaya, na sassauta ta, na kusa goge ta. Layin nan kullum idona tsallake shi yake yi. Ni na rubuta shi, ranar Talata, ƙarfe goma sha ɗaya da minti takwas. Ga sunana a gefe.

Dokarta ba ta da laifi. Ba ta taɓa yin laifi ba.

Dogo ya leƙo ta kafaɗata ya karanta. Na jira ya yi barkwanci. Ya ce, "To, an gano. Me za mu yi?"

Juma'a, 22 ga wata, 9:00 na safe

Na goge layina. A wurinsa: maganinsu sinadari ne, kuma kowane maganinmu yana ɗauke da sinadari. Sannan sai an bi sababbin ɗari ukun ɗaya bayan ɗaya, a raba kowanne gida-gida: ƙwaya, ruwa, allura, na shafawa, na ɗigawa, kowanne da hanyarsa da iyakarsa. Babu manhajar da za ta yi wannan. Ni, da Dogo, da kwalaye a hoto.

Asabar, 23 ga wata, 7:00 na yamma

Na je.

Umma tana ganina ta ɗauki buta ta ce za ta sauka ƙasa. Na ja kujera kusa da gado. Ban zo da takarda ba.

Na ce, "Yaya, na gano. Ba dokarki ba ce. Ni ce na haɗa maganinsu da namu." Ta lumshe ido, ta buɗe, irin na wanda ya daɗe da sani. Watakila abin da take son faɗa ke nan ranar Lahadi.

Sai na ce ɗayar maganar. Na shirya ta a mota da kyau, amma da na zo faɗa sai ta fito a karkace. Na ce abin da na faɗa ranar nan ba haka yake a raina ba. Na ce wani ɓangaren haka yake, amma ba yadda na faɗa ba. Na ce ta yafe min.

Ba ta ce komai ba, ko gishiri. Ta kama wuyan hannuna da hannun hagu ta riƙe. Riƙon da ƙarfi, har ya yi zafi. Ban san ko yafiya ce ko duka ne ba. Ban janye ba. Muna haka har nas ta zo awon jini.

Litinin, 25 ga wata, 5:10 na yamma

Ɗari da tamanin an gama. Idona yana yaji.

Oga ya ce wata mai zuwa za a ɗauki sabon ma'aikaci ya taimaka min, kuma babu wani tebur sai wancan. Ya yi ta zagaye kafin ya faɗa. Na ce na ji. Na ninke rigar sanyin na sa a jakata. Har yanzu da ƙanshin turarenta a wuya. A motar haya na rungume jakar har gida.

Talata, 26 ga wata, 12:00 na rana

Sun sallame ta. Gidan Umma aka kai ta, ɗakin da muka taso a ciki, saboda babu matakala. Malamar magana za ta riƙa zuwa sau uku a mako. Ta ce karatu ya fara dawo mata kafin baki. Ta ce kada mu sa rana.

Laraba, 27 ga wata, 4:25 na yamma

Ɗari uku cif. Dogo ya kunna Alkali, muka zauna muna kallon sandar da ke cika a hankali. Minti goma sha huɗu.

Babu ja. Ba a goge dokar kowa ba sai tawa.

Jarrabawa: ɗari huɗu cikin ɗari huɗu.

Oga ya ce Juma'a da rana a tura wa asibitoci, da zarar Anti Famasi ta duba jerin ta sa hannu. Gobe tana da uzuri, sai Juma'a da safe. Na buga mata shafi goma sha huɗu da manyan baƙaƙe.

Kowa yana murna. Ni dai so nake wani ya ce min, "Kin tabbata?" Babu wanda ya ce.

Alhamis, 28 ga wata, 5:40 na yamma

A gidan Umma nake rubuta wannan.

Na biyo daga ofis in gaishe su. Yaya tana zaune a kujera kusa da taga, an sa mata matashi a ƙarƙashin hannun dama. Na ajiye jakata a ƙasa, takardun Anti suka leƙo. Na yi sauri zan tura su ciki, ban manta Lahadin nan ba. Ta buga hannun kujera da tafin hagu. Ta nuna jakar. Ta sake bugawa.

Na kalli Umma. Umma ta ce, "Ba ta, tunda ita ta nema."

Na ba ta. Ta shimfiɗa a cinya, ta sa yatsa a layin farko. A hankali take bi, wani layin sai ta koma baya sau biyu. Ni nake juya mata shafi idan ta ɗaga yatsa. Shafi uku sun ci kusan awa ɗaya. Umma ta gaji ta tafi kicin.

A shafi na huɗu yatsar ta tsaya. Ta ƙwanƙwasa wurin. Na leƙa: wani maganin ɗigawa ne cikin sababbin, na sa shi gida ɗaya, hanya ɗaya. Ban ga komai ba. Na ce, "Lafiya yake, Yaya, Alkali ya wuce shi."

Ta harare ni. Ta taɓa idonta. Ta taɓa kunnenta. Ta ɗaga yatsu biyu.

Na buɗe hoton kwalayen a wayata. Biyu ne. Na ido daban, na kunne daban, ƙarfinsu ba ɗaya ba, kwalin ne kawai ya yi kama. Na haɗe su ranar Litinin da idona yake yaji. Alkali ba zai gani ba, don babu dokar da ta ci karo da wata. Jarrabawa ba ta tambaya ba, don maganin sabo ne. Watakila Anti za ta kama shi gobe. Watakila kuma ba za ta kama ba.

Yaya tana ta motsa baki. Ban taya ta ba, malamar ta hana. Ta ja numfashi.

"Sa," ta ce. Ta tsaya. "Sake."

Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Me ta ce?"

"Cewa ta yi in sake, Umma. Aikina ne bai yi ba." Ina dariya, hawaye yana shiga min baki.

Na fita tsakar gida na kira Oga. Na ce ba zai fita gobe da rana ba, sai na sake bin duk na ɗigawa, a ba ni zuwa Asabar. Ya fara cewa ai Alkali ya wuce shi. Na gaya masa abin da aka samu.

"Wa ya gano? Anti?"

"Yaya."

 Ya ce, "Asabar ɗin. Ki gaishe ta. Ki ce mata... ki gaishe ta dai."

Umma ta ce a bar ta ta huta, ta ƙi sakin takardun. Tana shafi na biyar yanzu, saura tara. Ina zaune a ƙasa kusa da ƙafarta, littafin nan a gwiwata, ina jiran ta ɗaga yatsa in juya mata. Allah Ya sa ta sake samun wani.